Ranar da Tafinta Ya Haɗiye Maganar Inna

Ko shekara nawa zan ƙara a duniya, ranar da muka kai kukanmu gaban 'yan majalisar jiha ba za ta fita daga raina ba. A lokacin ni ce sakatariyar ƙungiyar matan unguwarmu ta Dogo Nini, ba don na fi kowa sani ba, rubutuna ne kawai ake iya karantawa.

An aiko mana cewa wani kwamitin majalisa zai zo Potiskum ya ji bukatun mata kafin su tsara abin da za su sa a gaba. Sati biyu muna zama a tsakar gidan shugabarmu muna gardama, har muka tsaya a kan abu ɗaya, na rubuta shi a takarda: a yi doka kowane ƙaramin asibiti ya samu ungozoma ta dindindin.

Ranar taro muka tarar da zauren cike da maza. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta jawabi a kan matsalar mata, wani har da bayanin zafin naƙuda, yana dafe da ƙugu. Mu kuwa aka jera mu can baya, aka raba mana hular hana-salla mai hoton shugaban kwamitin, wai mu ɗora a kan hijabi. Abin kunyar shi ne mun ɗora.

Da aka zo kanmu, mai gabatarwa ya ce masu ɗaukar hoto sun fi son tsohuwa ta yi magana da yaren gida, don a ga al'ada. Aka nuna wata dattijuwarmu 'yar Ngizim mai sayar da daddawa, wadda kowa ke ce wa Inna. Aka tsayar da wani mai babbar riga kusa da ita a matsayin tafinta.

Ina jin Ngizim, yaren kakata ne. Inna ta faɗi yadda surukarta ta haihu a cikin Keke Napep a hanyar Nangere, saboda sun tarar da asibiti ba kowa, ita Inna ce ta yanke cibiya da reza. Tafinta ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ta ce sun gode da huluna."

Aka kaure da tafi. Inna ta ci gaba, ta ce jaririn ya rayu amma da ƙyar uwar ta tashi.

"Ta ce Allah ya maimaita."

Inna ta juyo a hankali, ta kalle shi sama da ƙasa, ta ce da Hausa, "Ɗan nan, haihuwa a keke ce kake roƙon Allah ya maimaita?"

Mutumin ya share gumi ya ce, "Wallahi Inna ni Bakano ne. Cewa kawai aka yi in tsaya kusa da ke."

Har 'yan sandan bakin ƙofa sai da suka dara. Inna ba ta yi ko murmushi ba. Ta karɓe lasifikar daga hannunsa, ta cire hular ta miƙa masa ya riƙe mata, ta sake labarin tun daga farko da Hausarta mai nauyin harshe. Wannan karon ba wanda ya tafa. Shugaban kwamitin ya ce a kawo takardarmu, na kai masa.

Dokar dai har yau muna bibiyarta. Amma bayan wasu watanni aka turo ungozoma asibitin unguwarmu, muka kuma ji a rediyo cewa shugaban ne ya yi tunanin abin da kansa. Ba mu ja ba, tunda matanmu sun daina haihuwa a hanya.

Abin da na koya ranar shi ne, in ciwon naka ne, kada ka ba wani aron bakinka, komai girman rigarsa.