Ruwan Bagaruwa

Ƙarfe huɗu na yamma, zan yi alwalar la'asar a gidanmu na Bagadaza, na ga farin ruwa a kamfaina. Na sha jin mata suna cewa sanyi ne, yana hana haihuwa. Kunya ta hana ni tambayar Inna. Na riƙa dafa bagaruwa a ɓoye ina tsarki da ruwanta har ciki. Ƙaiƙayi ya hana ni zama a aji, ruwan ya koma guda-guda kamar awara. Ina kuka na isa asibiti.

Nas ɗin ta duba ni, ta ce, "Ƙanwata, na farkon lafiya ne, kowace mace tana ganinsa. Wankin ne ya jawo wannan. Ga magani, ki koma ruwa zalla. Ba ya hana haihuwa."