Makahon Jaki da Akuyarsa a Ruwan Bakolori

Shekarun baya, lokacin da aka toshe gulbi a Bakolori ruwa ya fara taruwa a bayan dam, ina da ɗan shagon hoto a Talata Mafara. Aikina fasfo ne da hoton salla. Mutum ya zauna gaban labule, ya ɗaure fuska kamar an yi masa rasuwa, in ce kada ya motsa, shi ke nan. Ban taɓa raina sana'ar ba sai ranar da aka kira ni ɗaukar ma'aikata hoto a ofishin Turawan da ke aikin dam, na ga wata kalanda a bango. Kowane wata da hotonsa. Nan ruwa na zubowa daga kan dutse fari fat, nan tsibiri a tsakiyar teku, nan wata barewa ta ɗora kai a wuyan 'yar'uwarta. Na tsaya ina kallo har mai gadi ya tambaye ni ko lafiya.

Daga ranar na kamu. Na sayi wata tsohuwar kyamara ta ratayawa, mai igiyar fata, a hannun wani Bature da zai koma gida, na sa mata fim mai cin hoto talatin da shida. Da na gaya wa mahaifiyata abin da nake shirin yi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, mutane sun ƙare ke nan, sai ruwa za ka ɗauka? Shi ma cewa za ka yi kada shi motsa?" Na ce, "Inna, ba za ki gane ba." Ta ce lallai kam ba za ta gane ba, Allah shi shirya.

Matsalar ita ce ƙasarmu ba ta da ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Duk wanda ya bi hanyar Mafara zuwa Bakura ya san shimfiɗe take kamar tabarma. Sai na yanke wa kaina cewa ruwan da ake saki ta ƙofar dam ai shi ma zubowa yake, kuma fari ne, kuma yana da ƙara. Na wuni a gindin siminti ina durƙusawa ina miƙewa, feshi na jiƙa ni, leburori na yi mini dariya. Hoto talatin cur na ƙona a wurin.

Ina da wani abokina masunci a wajen Maradun, tare muka yi karatun allo. Da na ba shi labari sai ya ce, "Kai dai ba ka da aikin yi. Kana ɓata fim kan siminti, ga tsibiri nan kyauta. Taho gobe in kai ka."

Tsibiran da yake nufi tuddan ƙauyukan da aka tashi mutanensu ne. Ruwa ya cinye gonaki da kwari, ya bar kan tudu, kullum yana ƙara matsowa.

Da hantsi na isa bakin ruwa. Kusa da kwalekwalen abokina na tarar da wani tsoho zaune da damin harawa a gefensa, ƙafafunsa a kumbure. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da gajiya da mutanen Mafara, ya sake komawa farko. Da ya ga kyamara a wuyana sai ya ce, "Ɗana, mai hoto ne kai?" Na ce e, Baba. Ya nuna wani tudu can cikin ruwa. "Gidana na can. In ka isa, ka ɗauko mani ƙohwar gidan da tsamiyar da ke gabanta. Ran da munka taso ban samu na dube su da kyau ba." Na ce to, in sha Allahu, ina lissafin hoto shidan da suka rage mini.

A cikin kwalekwale abokina ya ba ni sauran labarin. Tsohon yana da jaki da ya makance shekaru da dama, da wata akuya da aka haifa a turke ɗaya da shi. Ita ke yi masa ja-gora. Tana gaba, shi yana biye da hancinsa a bayanta. Da aka mai da mutanen ƙauyen sabon matsuguni, dabbobin nan biyu suka ƙi zama. Wata safiya akuyar ta ja jakin suka koma tsohon gida, kafin a gano inda suke ruwa ya yanke hanya. Sati uku ke nan. An gwada sa jakin a kwalekwale, saura kaɗan ya kifar da su. Tsohon kuma ya ce kada a kawo masa akuyar ita kaɗai, in aka raba su jakin ba zai kwana biyu ba. Shi ya sa yake kawo harawa, abokina na kai musu.

Na ce, "To ƙarshenta fa?"

Ya ce, "Duk zuwan da na yi ina kafa kara a bakin ruwa. In na dawo sai in iske ruwa ya shanye shi. Ka lissafa da kanka."

Gaskiya ban lissafa ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, ga tsibiri, ga dabbobi biyu masu zumunci, ga ni da kyamara. Kalanda ta haɗu.

Tudun bai fi filin masallacin unguwa girma ba. Katangu sun fara zubewa, an kwashe jinka da ƙofofi, sai tsamiya tsaye ita kaɗai da ganyenta shar. Muna sauka suka fito daga wani kango, akuya ja a gaba, jakin a baya, ƙasusuwansa duk a waje, idanunsa fari. In ta tsaya ya tsaya. In ta kauce wa rami ya kauce. Na juya na ɗauki ƙofar gidan da tsamiya sau ɗaya, a tsaitsaye, ko duba haske ban yi ba, don dai in sauke alkawari. Sannan na kwanta rub da ciki a ƙasa na ba dabbobin huɗu.

Saura ɗaya. Shi kuma na riga na zana shi a kaina: jaki shi kaɗai a tsaye a kan tudu, ruwa ta kowane gefe, ni ina ɗauka daga nesa. Akuyar ce ke ɓata mini tsari, sai tsalle take tana hawa katanga. Na sure ta na jefa cikin kwalekwale, na ce wa abokina ya ɗan tura mu baya.

Ya ce, "Baba ya ce kada a raba su, ka jiya ko?"

Na ce, "Haba, minti biyu ne. Ni na san aikina."

Ya girgiza kai, ya tura. Ba mu yi nisa ba akuyar ta ƙwalla kuka. Ta cikin gilashin kyamara na ga jakin ya ɗaga kunnuwa, ya juya kai hagu da dama, ya daidaita fuskarsa da inda kukan ke fitowa, ya taho. Na ɗauka zai tsaya a bakin ruwa. Duk jakin da na sani ko kwata ba ya son tsallakawa. Wannan bai ko rage tafiya ba. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙirji, sai kawai ƙasa ta ƙare masa, domin nan ne kududdufin da mutanen ƙauyen ke haƙar ƙasar gini. Ya nutse, ya taso yana feshi ta hanci.

Na ce, "Innalillahi! Mu koma, mu koma!"

Abokina ya riƙe filafili a sama bai tsoma ba. Ya dubi tudun, ya dubi gaɓar da muka baro, wadda nisanta ya kai daga tashar Mafara zuwa kasuwa. Ya ce, "Mu koma shi yi mi? Kwana nawa ya rage ma tudun ga? Tunda ya shigo da ƙahwarshi, gaba za mu. Koma baya ka riƙe akuyar, kada ta yi shiru."

Haka muka kama hanya a hankali. Ni a ƙarshen kwalekwale rungume da akuya, jaki na biye, kansa kaɗai a waje. Da muka kai rabi akuyar ta gaji ta yi shiru, nan take jakin ya rasa hanya ya fara kewaya wuri ɗaya. Abokina ya daka mini tsawa, "Sa ta kuka mana!" Na murɗe mata kunne. Ta tsala ihu, ya juyo. Ni da sana'ata ce wa mutane kada su motsa, ga ni ina murɗa kunnen akuya a tsakiyar ruwa ina ba ta haƙuri.

Can ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Hancin ya riƙa shiga ruwa yana daɗewa kafin ya fito. Igiyar da aka ɗaure harawa mun baro ta a tudu. Na duba ko'ina, ba abin da ya yi kama da igiya sai ta wuyana. Na kwance ta daga jikin kyamara, na ajiye kyamarar tsakanin ƙafafuna, abokina ya matsa da mu kusa, na zura igiyar ƙarƙashin muƙamuƙin jakin na ɗago. Nauyinsa ya karkata kwalekwalen, ruwa ya kwararo ciki. Ina kallo ya rufe kyamarar. Hannu ɗaya na riƙe da jaki, ɗaya na kunnen akuya, ba na uku. Ba zan ce ban ji zafi ba, na ji har cikin raina, amma ban saki ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ji igiyar ta yi sako-sako, kofatonsa sun taɓa laka. Ya yi taku uku ya zube a ruwa mara zurfi, haƙarƙarinsa na sama da ƙasa. Tsohon nan da ƙafafunsa masu kumburi ya shigo ruwa har gwiwa da rigarsa, ya tallabi kan jakin yana salati. Akuyar ta yi tsalle ta fice, ta girgiza jiki, ta je ta tsaya daidai fuskarsa. Jakin ya laluba ya laluba, ya ɗora hancinsa a bayanta ya yi lamo. Duk kalandar Turawan nan ba hoton da ya kai wannan, kyamarata kuwa tana cikin ruwa tare da ƙwaryar kwalfe ruwan kwalekwale.

Da tsohon ya samu numfashi sai ya tambayi wanda ya yi wannan tunani. Abokina, mugun mutum, ko dariya bai yi ba ya ce, "Dabarar mai hoto ce, Baba. Shi ya ce a sa akuya gaba." Tsohon ya kama hannuna da hannayensa biyu. Ya ce sati uku yana zaune nan da masu jirgi da masu ilimi, ba wanda wannan ya zo wa a rai sai yaron birni. Ya yi mini addu'a, ya yi wa mahaifiyata, ya yi wa zuriyar da ban ma haifa ba. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na ga idonsa, na rufe. Amin kawai na riƙa cewa.

Sai da muka ja jakin zuwa busasshiyar ƙasa sannan ya tuna. Ya ce, "Ɗana, ka ɗauko mani tsamiyar?"

Na ɗago kyamarar na nuna masa, ruwa na ɗiga daga cikinta. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya ya dubi tudun, ya kare ido da hannu, amma daga nan ba a ganin komai sai ɗan duhu-duhu. Ya ce, "Ba komi. Allah ya sa haka shi ne alheri." Ya ɗauki sandarsa, akuya a gaba, jaki a tsakiya, shi a baya.

Duk da haka na aika fim ɗin Sakkwato a wanke, ko da rabo. Ya dawo ba komai a jikinsa, daga ruwan siminti har tsamiya. Na ce wa abokina in na samu wata kyamara zan koma. Kafin in samu ya aiko mini cewa tudun ya nutse, ko kan tsamiyar ba a gani. Mahaifiyata da ta ji labari ta ce, "Ai na hwaɗa maka ruwa ba ya tsayawa hoto."

Jakin ya ƙara shekara biyu a duniya, haka abokina ya gaya mini. Ni kuma na ci gaba da sana'ata, na yi yawo, na ɗauki ruwan da ke zubowa daga duwatsun gaske, wasu hotunan har an yaba. Tun daga ranar ban sake ɗaga dabba daga inda na same ta don hoto ya yi kyau ba. In ta juya mini baya, bayan nake ɗauka.

Mutane in na ba su labarin nan sukan tausaya mini kan hoton bakin gaɓa da ban samu ba. Wannan ya daina damuna tuntuni, na gan shi da idona, ya ishe ni. Wanda bai bar ni ba shi ne na tsamiyar. Da na koma da wuri da aron kyamara, da na kai masa. Ban ga abin gaggawa ba, har ruwa ya riga ni. Hoto talatin da shida nake da su a fim ɗin nan. Mutumin da ya yi mini addu'ar da ban cancanta ba ɗaya kacal ya roƙa, kuma ya koma ga Allah bai gan shi ba.