Yadda 'Yan Dubiya Suka Kashe Mini Kunne

An cire ni daga gwajin wani sabon maganin tarin fuka tun ban kai rabi ba. Ba likitoci ne suka jawo ba. Dangina ne da suka riƙa zuwa duba ni. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, matata ce take rubutawa ina faɗa mata. Ba zan kama sunan kowa ba, sun san kansu.

A lokacin ina da injin niƙa a wani ƙauye a ƙasar Buji, da 'yar gonar gero da tumaki. Ƙato ne ni, ni kaɗai nake ɗora buhu a kai. Da tari ya kama ni na ce ƙurar niƙa ce. Da na fara ganin jini a kaki na je asibitinmu, suka ba ni magani na sha wata da watanni bai ji ba. Na rame har wando ya daina zama a ƙuguna. Suka tura ni Dutse. A can aka gwada kakina aka ce tarin nawa mai taurin kai ne, ba ya jin maganin da aka saba bayarwa.

Likitar da ta gan ni mace ce, ba ta da yawan dariya, kuma ba ta ɓoye-ɓoye. Ta ce hanya biyu ce. Akwai tsohon magani mai dogon lokaci, da allura kullum, kuma allurar tana kashe wa wasu kunne, in ya mutu ba ya dawowa. Akwai kuma sabon haɗin ƙwayoyi da ake kan gwadawa, babu allura, lokacinsa gajere. Ta ce ba ta yi mini alkawarin komai ba, shi ya sa ake ce masa gwaji, kuma in na ƙi babu mai fushi da ni. Za su riƙa ɗibar jinina suna duba hanta, don ƙwayoyin suna da nauyi a kanta. Sharaɗi ɗaya ta maimaita mini har na gaji da ji: kada wani magani ya shiga bakina, na kanti ko na gargajiya, sai na tambaye su. Na tambaye ta addu'a fa, ta ce in yi ta har in gaji. Na zaɓi sabon. Ina son kunnuwana.

Na yi kwanaki a kwance a wurinsu, aka sallame ni bayan sun ce na daina yaɗa cutar. Na koma gida tarin ya yi sauƙi, ina cin tuwo, ina fita ƙofar gida in sha iska. Sai dubiya ta fara. A garinmu ba a zuwa wurin marar lafiya hannu biyu. Kowa likita ne. Wanda bai iya ɗaure akuyarsa ba ya san maganin tari. Wannan ya zo da jiƙo a gora, wancan da sassaƙe a leda, wani da gari a ƙulle a tsumma. Kuma ba ajiyewa ake yi ba. A gaban mai kawowa ake sha, yana zaune yana kallon maƙogwaronka. In ka ce a ajiye sai anjima, ka ce kana zarginsa da sammu ke nan, ko ba ka furta ba.

Na ƙi na mutum uku ko huɗu, suka tafi suna gunaguni. Sai baffana ya zo, ƙanen mahaifina, wanda ya rage mana babba a gida. Ya zo da wani baƙin ruwa a galan, ya ce saiwoyi ne ya tafasa, shi ya tashi wane da wane daga kwance. Na ce masa ya yi haƙuri, likita ta hana. Ya dube ni ya dubi mutanen da ke zaune. Ya ce wato shi ne zai ba ni sammu, shi da ya yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni. Ya ce wata yarinya mai farar riga ta fi shi daraja a wurina, yarinyar da ta mai da ni zakaran gwaji tana kwasar jinina a kwalba, Allah kaɗai ya san inda ake kai shi. Ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita, wai ba zai sake taka gidan ba sai dai ɗaukar gawa.

Gida ya rikice. Inna mahaifiyata ta zauna tana kuka, wai na raba mata zumunci a tsufanta. Yayana ya shigo ya ce in dai ban sha ba, in nemi mai kai ni Dutse, babur dai nasa ne. A lokacin ba ni da ƙarfin da zan kai kaina Dutse. Aka je aka ba Baffa haƙuri aka dawo da shi, na sha a gabansa. Ɗaci har ƙwaƙwalwa. Ya yi murmushi ya ce yanzu ya ga ɗan ɗan'uwansa.

Daga ranar ƙofa ta buɗe. Duk wanda na ƙi nasa a baya ya dawo, ya ce na sha na Baffa, shi ne bare ke nan. Surukina ya kawo nasa. Wani maƙwabci ya sayo ƙwayoyi ja da kore a wurin masu talla da lasifika a kasuwa, wai suna maganin cuta arba'in. Wata gwaggo tawa ba ta ma tsaya tambaya ba, ta zuba nata a kunu. Matata ta riƙa zubar da abin da ta samu a bayan ɗaki, yayana ya kama ta, ya ce in ta sake ta tafi gidansu, ita ce take son in mutu. Mutum ɗaya na gani mai hankali a garin nan, malamin makarantar allo. Ya zo ya yi addu'a, ya ce in bi abin da masu ilimin abin suka ce, ya tashi ya tafi. Babu wanda ya saurare shi, tunda bai kawo gora ba.

Da ranar komawa asibiti ta zo, likitar ta duba jinina ta ce hantar ta fara nuna alama. Ta tambaye ni ko ina shan wani abu. Kafin in buɗe baki yayana ya amsa. Haka muke yi, mai jinya ne ke magana, marar lafiya sai kallo. Ya rantse ba na shan komai sai tuwo da kunu, ya ce su ba 'yan ƙauyen da ake tsammani ba ne. Kunyar a ce masa baƙauye yake ji, ba mutuwata ba. Ta sake dubana. Ni kuwa ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban baƙi, na sunkuyar da kai. Ta ce mu dawo da wuri. Muka koma gida aka ci gaba da ɗura mini.

Ba a jima ba idona ya yi rawaya, fitsari kamar shayi, ko ruwa na sha sai ya dawo. A mota aka kai ni a kwance. Wannan karon matata ta biyo mu, ta ja wata ma'aikaciya gefe ta zazzage mata komai, har da ragowar galan ɗin Baffa da ta ɓoyo a cikin hijabi. Likitar ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce da na faɗa mata a wancan zuwan da an tare abin. Ta ce yanzu ita kanta ba za ta iya rantsewa ko ƙwayoyinsu ne suka taɓa hantar ko jiƙon ne ko duka biyun ba, kuma dole a tsai da komai sai hantar ta huta. Na roƙe ta ta mai da ni kan sabon in na farfaɗo. Ta ce ƙa'idar gwajin ba ta yarda ba, kuma ba za ta kashe ni don bincike ya yi kyau ba.

Kafin hantar ta dawo, tarin ya dawo. Aka ɗora ni a kan tsohon magani da allurarsa. Bayan wani lokaci na fara jin ƙara a kunne kamar ƙudan zuma sun shige. Na faɗa, suka gwada, suka canza allurar, amma ɓarnar ta riga ta yi nisa. Muryoyin mutane suka riƙa ja da baya har suka ɓace.

Da na koma ƙauye sai na tarar an gama shari'ar ba ni nan. Wai ai sun faɗa, gwajin Turawa ne ya kurmanta ni. Baffa yana zama a majalisa yana cewa ba don saiwoyinsa ba da tuni an yi sadakar bakwai. Yayana ya ce shi dai ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har man babur ya ƙona. Babu wanda ya ce yi haƙuri. Gwaggon nan ma ta aiko mini da wani mai a kwalba, wai in riƙa ɗigawa a kunne. Na ba matata ta shafa wa ƙyauren ɗaki, dama yana ƙara, in ji ta.

Abin da na gani shi ne, mai kawo maka jiƙo ba lafiyarka ce ta dame shi ba, so yake a ce nasa ne ya yi aiki. Kai da kake kwance, in ka shiga irin wannan gwaji ko ma wane magani, ka riƙe sharaɗin da aka ba ka. Wanda zai yi fushi ya yi, zai koma gida ya ci tuwonsa lafiya lau, kai za a bari da ciwon. Kuma a gaban likita ka buɗe bakinka da kanka, ko wa ke tsaye a gefenka. Ku kuma masu zuwa dubiya, ku yi addu'a ku tashi. Ba a tambaye ku komai ba.

Tarin ya warke. Na sayar da injin na bar garin, ba na komawa sai jana'iza. Yanzu ina Dutse ina wankin Keke Napep a bakin titi, masu keken sun saba, nuni suke yi mini da hannu. Kunnen hagu babu, na dama sai an yi ihu a cikinsa. Bana aka haifa mini 'ya mace. In tana kuka bakinta nake gani.