Azumin Inna da Jan Kifi

A shekarun farko na mulkin soja mutane sun yi ta barin ƙasa, ni kuwa sana'ata sayen kayan gidan masu tafiya. Gado, firji, fanka, duk abin da ba ya shiga jaka. Wani mai shirin tafiya a Khartum ya ɗora mini gyara: akwatin gilashi da jan kifi guda a ciki. Na so in sayar, Inna ta hana.

Lokacin ba ta daɗe a gidana na unguwar Sawra ba, bayan rasuwar Baba. Matar da ta ƙarar da ƙarfinta a gonakin audugar Jazira, sai ga ta kwance yini guda, fuska na kallon bango. Kifin nan ne ya tashe ta zaune. Tana ba shi abinci, tana yi masa faɗa, tana ba shi labarin mutanen da ni ma ban sani ba.

Da damina kogi ya cika, ruwan famfo ya koma kamar kunu. Inna ta yi abin da ta saba yi wa randarta tun tana amarya. Ta kwashe kifin a kwano, ta wanke akwatin da sabulu tas, ta cika shi da sabon ruwa, ta jefa alif don laka ta kwanta. Ruwa ya yi garau, ta mayar da kifin. Kwana biyu sai kifi ya kwanta a ƙasa, ya karkace, yana numfashi da ƙyar.

Ban damu da kifi ba, gaskiya. Inna nake kallo.

Na ɗebi ruwan a kwalba na ƙetare gada zuwa wurin wani tsohon Balarabe mai sayar da kifin ado. Ya shinshina, ya harare ni.

"Ya Hajj, wanki kuke yi da shi ko kiwo? Kuna da zir a gida?"

Wato randa. Na ce har biyu.

"Ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashinta, shi za ka tara. Kullum ka rage kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan akwatin, ka mayar da wannan. Gishiri ɗan kaɗan. Sabulu da alif, har abada. Kuma kada a ba shi abinci kwana uku."

Maganar ruwa Inna ta karɓa ba musu, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ashe tsabtata ce ta kayar da shi." Maganar abinci ce ta kawo rigima.

"Kai ɗan nan, a ina ka taɓa ganin an hana mara lafiya ci? Balaraben naka yana da uwa kuwa?"

"Inna, abin da bai ci ba ruɓewa yake a ruwan."

Sai ta ce, "To in zai yi azumi, ba zai yi shi kaɗai ba."

Na roƙe ta, na haɗa ta da shekarunta, ta ƙi. Kwana uku tana azumi, tana zaune gaban randa tana jiran kwano ya cika ɗigo ɗigo. In an ɗauke wuta injin da ke hura wa akwatin iska ya tsaya, sai ta riƙa ɗiban ruwan akwatin da ludayi tana tsiyayawa daga sama. Na rufe shago da wuri duk kwanakin nan, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa ni yi ba.

Rana ta huɗu da hantsi kifi ya miƙe, ya taso sama yana buɗe baki. Inna ta sakar masa ƙwaya biyu, ya haɗiye. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo.

"Ka tsaya kamar an dasa ka. Ce wa matarka ta kawo mini wainar kisra da miyar kuɓewa, kuma kada ta yi mini rowar nama."