Fim Ɗin da Suka Kalla da Rabin Ido

Ba zan taɓa manta abin da ya faru a shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci ba, bayan an gama girbin riɗi.

Mai shayin ƙauyenmu, kusa da Toranke, ya saka mana wani fim na binciken kisa da aka fassara da Hausa. Babu rawa, babu dambe. Ɗan sandan cikinsa dattijo ne. Kowa ya nuna masa wani baƙo, shi kuwa ya ƙi kama mutum sai da shaida. Ashe mai laifin shi ne mai shiru-shirun da ke kai wa marayun mamacin abinci. Wanda ya fito a matsayinsa ya iya aikinsa, ko ni zan ba shi ajiyar makullin rumbuna. Rawar da hannunsa ya yi da aka miƙa masa ruwa kaɗai ta sa dattijon ya fara bin sawunsa.

A makon da muka kalli fim ɗin, riɗin wani maƙwabcina ya ɓace. A majalisa ya ce, "Kun dai ga fim. Mai shiru shi ne ɓarawo." Bafulatanin da ke zaunar da shanunsa a gonakinmu kowace kaka yake nufi, wanda shanunsa ke cin kara su bar mana taki. Shi ma ba mai yawan magana ba ne.

Na ce, "Malam, ai dattijon nan shaida ya jira."

Ya ce, "Daga iya rubuta sunanka har ka zama lauya?" Aka yi dariya.

Mutanen majalisar suka tafi rugar Bafulatanin, na bi su ina ba su baki. Suka zazzage bukkoki, suka kife ƙoren matarsa. Shi kuwa yana zaune a tabarma yana kallonsu. Da ba su ga komai ba, ya ce, "Kun gama? Ga nono, ku sha, kun sha rana." Washegari ya kaɗa shanunsa wajen garin Balan, bai sake dawowa ba.

Daga baya aka ga ɗan maƙwabcin nawa yana sayar da riɗin a kasuwar Gaya. Uban bai je ba da haƙuri ba.

Har yau raina na ɓaci. An nuna mana haƙurin bincike, suka ɗauko zargi. Riɗi buhu biyu ne ya ɓace. Mu kuwa muka rasa takin gonaki huɗu, da nonon safe, da mutumin kirki guda ɗaya.