Ranar da Muka Lulluɓe Kekuna

Ni 'yar dukawa ce, a Jakara aka haife ni, kuma warin fata shi ne turaren gidanmu. Mahaifinmu takalma yake yi, yayana ya gaje shi, ni kuma na kama jakunkunan mata tun ina budurwa. Da basilla nake ɗinki a tsakar gida har yatsuna suka yi kanta. Jaka ɗaya sai ta cinye mini wuni, kuma bayan rasuwar maigidana da ita nake ciyar da yara.

Wata shekara gwamnatin jiha ta zo mana da abin da ba mu saba gani ba. A da, in an ce za a tallafa wa masu sana'a, sai a tara jama'a a fili, a raba kekunan ɗinki, a ɗauki hoto, kafin ka ce kwabo ka ga kekunan a kasuwa ana tayawa. Wannan karon ba a ba kowa ko allura ba. Wani tsohon gini mai bene aka gyara a bakin unguwarmu, aka shimfiɗa sola a kansa, aka jera kekunan ɗinkin fata da injin yanka a ƙasa, aka ce na kowa ne, a bi layi. Wata jami'a daga ma'aikatar ciniki ce ta kawo dabarar, siririya mai tabarau, muna ce mata Malama.

Kai, wurin nan ya yi albarka! Aikin wuni ya koma na ɗan lokaci. Fatake daga Damagaram da Maraɗi suka gane hanya, majema suka daina kukan rashin ciniki, har mai shayin bakin ƙofa ya ƙara benci. Abu ɗaya ne ba ya ƙarewa a ciki, wato rigimar layi. Kullum sai an yi: wane ya daɗe a kan keke, wane ya shigar da ƙaninsa ta bayan fage. Mu mata kuwa yammacin Alhamis kaɗai aka ba mu, shi ma sai mun yi ta tari a bakin ƙofa kafin maza su tashi.

Benen kuwa babu kowa a ciki sai tantabaru. Wata Alhamis Malama ta nuna mana shi da haɓa, ta ce an sa wurinmu a gasar da ake yi ta karrama ayyukan gwamnati da suka ɗaga sana'o'in yankinmu. "In muka samu lambar yabon nan," in ji ta, "an yi mini alkawarin gyara saman nan a zuba kekuna, ya zama naku ku kaɗai. In ba mu samu ba, Hajiya, sai dai haƙuri, don ba ni da bakin sake roƙo." Tun daga ranar ban ƙara wucewa ta gaban ginin nan ban ɗaga kai na kalli tagogin benen ba.

Sai labari ya zo cewa alƙalan gasar za su zo duba mu, kuma ranar Alhamis. Yayana shi ne shugaban dukawan unguwa, mutum ne mai son fita kunyar baƙo fiye da abincinsa. Ya tara mutane ya ce baƙonka annabinka, ba za a tari manyan mutane cikin tarkacen fata da warin gam ba. A share, a wanke, a goge kowane keke, a lulluɓe shi da sabon yadi, kowa ya zo da kayan Juma'arsa. Ranar babu aiki, kuma duk wanda ya ta da maganar layi a gaban baƙi, shi da shi ne.

Na ce, "Yaya, ranarmu ce fa. Ina da jakunkunan wata Hajiya 'yar Damagaram, motarsu da yamma za ta tashi."

Ya ce, "Ke dai ba kya rabo da gardama. Ki dafa zoɓo ki kawo."

Malama tana can tana zagaya wasu garuruwa da alƙalan, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Na dafa zoɓon, na sa leshina na biki, amma na cusa jakunkunan da ban gama ba a buhu na tafi da su, na tura ƙarƙashin bencin da aka ba mu a lungu. Ko me ya sa? Oho. Zuciya ce kawai ta ƙi barinsu a gida.

Wallahi da na shiga ban gane wurin ba. Ƙasa tana sheƙi, turaren wuta ya cika ko'ina, kekuna sun yi jere cikin yadi shuɗi kamar kayan ɗakin amarya. Dukawan da na sani da singileti da gam har gwiwar hannu, ga su cikin shadda suna ta ƙamshi, sun harɗe hannuwa.

Bayan azahar baƙi suka iso, maza biyu da wata dattijuwa wadda da gani ita ce babbarsu. Malama na shigowa ta tsaya cak, na ga ta cire tabarau ta goge ta mayar. Yaya ya yi jawabin maraba mai tsawo, aka kawo alkaki da zoɓo. Dattijuwar ta saurara har ya gama, sannan ta ɗaga gefen yadi ɗaya, ta shafa keken da yatsa, ta duba yatsan. Fes.

Ta juya wajen Malama, ba da faɗa ba, ta ce, "'Yata, irin wannan mun gani da yawa a tafiyar nan. Kaya sababbi, mutane cikin ado, mu juya baya a kulle ƙofa sai wasu baƙin sun zo. Mu wurin da ake aiki muke nema."

Yaya ya shiga rantsuwa cewa jiya-jiyan nan wurin a cike yake, dattijuwar tana gyaɗa kai irin na wanda ya sha jin haka. Ɗaya daga cikin mazan har ya fara duban ƙofa. Garin neman gira za mu rasa ido! Na ɗaga kai na kalli silin, benenmu yana can samansa.

Na ajiye jug ɗin zoɓo, na jawo buhuna, na ratsa tsakiyar manyan riguna, na fizge yadin da ke kan keken da na saba hawa. Yaya ya ce, "Ke! Lafiyarki?"

Na ce, "Lafiya lau. Yau Alhamis, kuma motar Damagaram ba ta san da baƙi ba."

Na zauna da leshina da komai na taka keke. Ƙarar ta cika ɗakin. Ban kai ƙarshen hannun jaka ɗaya ba sai na ji wani dattijon baduku a bayana yana cewa ai in dai an buɗe aiki, shi ne a kan layi tun jiya. Wani ya ce ƙarya ne, shi aka tsayar yana tsakiyar takalman 'yan makaranta. Sauran matan suka taso suka ce ranarsu ce, kowa ya kauce. Kan ka ce me, yaduka sun sauka, an naɗe hannun riga, yara sun ruga gida ɗauko fata, rigimar layi ta kaure fiye da kullum. Yaya yana tsakiya yana ɗaga hannu yana cewa, "Jama'a, a gaban baƙi? Ku ji tsoron Allah!"

Da na saci kallon dattijuwar, sai na ga ta zauna a bencinmu, kofin zoɓo a hannu, tana dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce wa Malama, "Ai ba a faɗa a kan abin da ba shi da amfani." Ba su tafi ba sai da Hajiyar Damagaram ta zo da kanta tana faɗan an ɓata mata lokaci, ta karɓi kayanta a gabansu.

Mun samu lambar yabon. Malama ta kawo ta muka gani, wani ɗan gilashi ne da bai kai faranti ba, na juya shi na ce ashe a kan wannan muka sha wahala. Amma an kori tantabaru, an gyara bene. Ranar da na fara hawa matakalar nan ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, don tunda nake ban taɓa samun wurin aikin da ba sai na jira wani ya tashi ba. Yadin nan shuɗi shi muka ɗinka labulen ƙofa da shi.

Har yau Yaya bai yarda ya yi kuskure ba, cewa yake an dai ci sa'a, amma ba haka ake tarbar mutane ba. Kwanakin baya, gab da Sallah, layi ya yi tsawo a ƙasa, sai na ji sallamarsa a bayan labule. Na leƙa, ga shi da takalma a hannu, yana ta kame-kame, wai ko akwai keken da ba kowa a kai.

Na ce, "Ayya, Yaya, ka yi haƙuri. Yau mun lulluɓe, baƙi muke jira."

Matan ɗakin suka kwashe da dariya. Ya tsaya yana hararata, gemu yana rawa, shi ma dariyar ta ƙwace masa. Na miƙa hannu na karɓi takalman, na ce ya jira a ƙasa, in layinsa ya zo za a kira shi.