Ranar da Mai Saƙar Kujeru Ya Gyara Mini Raket

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Zuru, daga nan har Dirin Daji babu wanda ya kai ni iya murza ƙwallon tanis. Gaskiya ne mu biyar ne kacal masu wasan a duk faɗin yankin, amma wannan ba laifina ba ne. In na shafi ƙwallo da raket daga ƙasa zuwa sama, sai ta tashi tana juyi kamar katantanwa, ta dira gaban mutum, ta yi tsalle ta bi ta kan hularsa.

Fili ɗaya gare mu, na siminti, a gefen hanyar kasuwa. Abokin karawata wani tsohon soja ne da muke kira Baba Saja. Ba ya gudu, ba ya gumi, tsayawa yake kamar turke yana mayar maka da duk abin da ka aika. Wata rana bakina ya ja mini. Na ce ran Asabar zan lallasa shi, kuma wanda ya sha kaye shi zai riƙa sharar filin wata guda, a kan idon masu zuwa kasuwa. Ni kuwa akawu ne mai tumbi da mutunci.

Ran Laraba zaren raket ɗina ya tsinke. Mai injin ɗaura zare sai Kaduna, ga lokaci ya ƙure. Sai na nufi rumfar wani Basakkwace mai saƙar kujerun roba.

Ya ɗaga raket ɗin, ya leƙo ni ta cikin ramukan.

"Malam, wa ya yi maka wanga aiki? Ha'inci na! Dubi ramu, ɗan tsako ma shi wuce."

Na ce ai Turawa ne.

"To, ba su da tsoron Allah. Bar min ita."

A lokacin ban san ramukan nan su ne sirrin ba. Sai ramukan na da faɗi ƙwallo take ɗan nutsewa, zaren ya zame gefe, ya dawo da ƙarfi ya murza ta. Shi kuwa mutumina bai taɓa sakin kujerar da zarenta ke motsi ba. Ya ninka zaren, ya matse, ya ƙulle kowace mahaɗa, har da adon ja da kore a tsakiya. Da na je karɓa ya buga ta a gwiwa, ya ce, "Ko buhun dawa ka aza, ba ta motsi." Na yi ta sa masa albarka.

Ran Asabar mutane suka taru a gindin mangwaro. Na shafi ƙwallon farko, sai na ji ƙwas, kamar an doki faranti. Ta tafi sak, ko juyi ɗaya babu, ta faɗa gonar dawa. Ta biyu ta sami akuyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ta uku ina jin har yau ba ta sauko ba.

Na ɗaga hannu na ce, "Baba Saja, a tsaya! Wannan ba raket ba ce, kujera ce. Ta kashe mini juyi."

Bai yi musu ba. Ya miƙo mini tasa mai zaren Kaduna, ya karɓi kujerata, ya koma turkensa. Da ita ya cinye ni, shida da babu, sau biyu.

Ina haki, ina neman bayanin da zan yi wa jama'a, sai ya zo ya damƙa mini tsintsiya, ya dafa kafaɗata.

"Akawu, shekara uku ina wasa da kai, ban taɓa ganin ƙwallonka ta juya ba. Kai ne dai kake juyawa in ka buga."